A Dubo Mana Shayi

Kafin in fara, ina roƙon ku don girman Allah, duk wadda ta gane hannuna a wannan rubutu ta yi kamar ba ta gane ba. Kar a faɗi sunana ko da wasa, ko ga ƙawar da aka fi yarda da ita. A gidanmu ba a san ina rubutu ba, littafin ma a ƙarƙashin katifa yake zama. Ban yi nisa a makaranta ba, in kun ga kuskure ku tsallake shi kawai. Su ma mutanen labarin, yadda ake kiransu a unguwa haka zan kira su. To bismillah, kafin a neme ni.

Ranar wata Asabar da hantsi, Auta tana tsakar gida tana goge rigar da za ta sa zuwa aiki, Inna tana gefe kan tabarma tana tsintar shinkafa. Saura sati shida a ɗaura wa Auta aure da Dogo mai gyaran fanka, shi ya sa kwanan nan ko tuntuɓe ta yi sai ta yi dariya. Shekara uku suna tare, har unguwa ta gaji da tambaya.

Sai ga sallamarsa. Ya shigo da fankar Inna a kafaɗa, sai da ya sunkuyar da kai saboda ƙofa. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya jona fankar, ta hau juyawa.

"Allah ya yi albarka," in ji Inna. "Wata uku tana shagonka, na ɗauka ka aurar da ita."

"Inna, ai tarbiyya nake ba ta." Ya juya wajen Auta, dariya na cin sa. "Sakatariya, kin ji abin da ya faru jiya a taron Baba?"

Baban Dogo shi ne wanda kowa ke kira Ciyaman. Shekara goma sha ɗaya yana shugabancin kwamitin unguwa, bana kuma ya fito takarar kansila, fostarsa har a jikin bishiya.

"Me ya faru?"

"Yana tsaka da jawabi, ya ce in ya ci mata za su ga gata. Kawai sai wata daga can baya ta ɗaga murya — 'Ciyaman, a dubo mana shayi!' Wallahi mata suka kwashe da dariya, wasu har da riƙe ciki. Daga nan duk abin da ya faɗa amsar ɗaya ce, a dubo mana shayi. Baba ya sauko yana tambayar yaransa ko shayi aka yi alkawarin rabawa ba a raba ba."

"To me ya kawo shayi cikin siyasa?" in ji Inna.

"Wai wani ɗan littafi ne ya fito, irin na matan nan, sunansa Kujera Ta Tara. Babu sunan wanda ya rubuta. A wurin kitso shi ake karantawa, a wurin ɗinki shi ake karantawa. An ce da Baba ake. Ya rantse sai ya gano mai shi."

"Kai ka karanta?" Auta ta tambaya, murya can ciki.

"Ni? Ina ni ina littafin soyayya, ni da nake yin tawa a zahiri?" Ya tsaya yana shinshina. "Me ke ƙauri?"

Dutsen guga ne. Ya cinye hannun rigar Auta tas, ita kuwa tana riƙe da shi ba ta ma sani ba.

Bari in koma baya kaɗan, in ba haka ba ba za ku gane ba.

Auta a shagon buga takardu take aiki, a bakin titi. Kwamfuta biyu, firinta ɗaya, sai Oga mai shagon da rabin yininsa a waje yake yi. Duk wata Magatakardan kwamitin unguwa yakan kawo mata bayanin mitin da ya rubuta da hannu, ita ta buga. A ƙasan kowane shafi layi biyu ne. Waɗanda suka halarta: tara. Waɗanda suka ɗaga hannu: takwas.

Ranar farko ta ɗauka kuskure ne, sai ta gyara ta sa tara. Magatakarda ya dawo da takardar yana faɗa. "Wa ya sa ki? Takwas na rubuta, mayar min da takwas." Ta mayar. Wata na gaba, tara da takwas. Na gaba ma haka. Abin ya tsaya mata a rai kamar ƙaya a haƙori.

Su taran nan, maza takwas ne da mace ɗaya, don dokar kwamitin ta ce dole a sa mace. Macen kuwa Gwaggo ce, yayar Ciyaman uwa ɗaya uba ɗaya. Wata rana Gwaggo ta zo shagon a yi mata hoton katinta, Auta ta ba ta kujera, ta daure ta tambaya.

"Gwaggo, wai wane ne ba ya ɗaga hannu a mitin ɗinku?"

"Ni ce mana. Ai lokacin ina wajen shayi."

"Kullum?"

"To ya za a yi? Sai a yi ta magana har maƙogwaro ya bushe. Ni ma ina sa baki, kar ki ɗauka shiru nake. Da Magatakarda ya ɗauki biro za a ƙirga hannu, sai ƙanena ya ce, Yaya, a dubo mana shayi. Kafin ruwa ya tafasa in zubo, an gama."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka kafa. Ba komai 'yata, wa zai dafa in ba ni ba?" Ta gyara mayafi. "Maganar famfo ce kawai ta yi min ciwo. Shekara uku ina cewa a kafa shi a lungun da mata ke wahalar ruwa. Na dawo da tire na tarar an kai shi wurin wankin mota."

Ranar Auta ko abincin rana ba ta iya ci ba. Da Oga ya fita, sai ta buɗe sabon shafi a kwamfuta. Wata biyu tana yi a ɓoye, duk lokacin da babu kastoma. Labarin soyayya ne sosai, da saurayi da budurwa da kuka da komai, amma uwar budurwar tana kan kujera ta tara a wani kwamiti. Ta canza gari, ta canza sana'a, ta canza kamannin kowa. Maganar shayin ce kaɗai ta kasa canzawa. Ta buga guda talatin, ta ɗinke da kanta, ta ajiye su a leda a ƙofar mai kitson unguwa ba tare da kowa ya gan ta ba. Ita a tunaninta mata talatin za su karanta su yi tsaki, shi ke nan. Ashe wuta ta sa a busasshiyar ciyawa. Wannan ta ce haka ake mata a ƙungiyar 'yan kasuwa, waccan ta ce ita a taron gadon ubansu aka aike ta sayo ƙanƙara. Kowace mace da nata shayin.

Abu ɗaya Auta ta manta. Firintar shagonsu tana da wani ciwo, tana jan siririn layi baƙi a gefen hagu na kowace takarda, Oga kullum sai ya ce gobe za a gyara. Kwana uku bayan taron nan, Magatakarda ya ɗora littafin kusa da takardun mitin a gaban Ciyaman. Layi ya hau kan layi.

Da la'asar aka aiko kiranta.

Ta cire takalmi a bakin falo, ta durƙusa can nesa kusa da ƙofa. Ciyaman yana kan doguwar kujera, littafin a kan cinyarsa. Dogo yana zaune a ƙasa, ya ƙi ɗago kai.

"Baba, ina wuni."

"Ke kika rubuta wannan?"

Ta ga babu amfanin kwana-kwana. "Ni ce, Baba."

Dogo ya ɗago da sauri, ya kalle ta kamar yau ya fara ganinta.

"Na ɗauke ki 'ya," in ji Ciyaman. "Duk inda na zauna ina cewa ɗana ya yi dace. Ashe maciji nake kiwo a hannun riga. Ni da na kawo yayata kwamiti da hannuna, lokacin da wasu ke cewa me mace za ta yi a nan? Ni na taɓa korar wani daga mitin? Yaushe? A gaban wa?"

Abin da ya ba Auta tsoro shi ne, ba borin kunya yake ba. Har ga Allah shi bai san yana yi ba.

"Baba ka yafe min ɓacin ran da na jawo maka. Ban yi don a yi maka dariya ba. Amma ban yi ƙarya ba."

"Au, haka ne? To ji nan. Ranar Lahadi ta sama akwai mitin. Za ki tsaya a gaban kwamiti da duk wanda ya zo, ki ce ƙazafi kika yi. In kin ƙi, kwamiti zai ɗaga hannu. In suka ce ƙazafi ne, babu ke babu ɗana, ko da saura kwana ɗaya. Tashi ki ba ni wuri."

Kafin ta kai gida labari ya riga ta. Inna tana tsaye a tsakar gida, ɗankwali a hannu.

"Ke Auta, me na yi miki? Duk 'yan matan unguwar nan, ke kaɗai Allah ya ba biro? Sati shida fa, sati shida. Har ɗinki an kai."

"Inna, gaskiya na rubuta."

"Gaskiya! Mu da muka yi shiru duk maƙaryata ne? Ubanki, Allah ya jiƙansa, shekara ashirin bai taɓa tambayata ra'ayina ba, na mutu? Kalma biyu ce fa, na tuba. Ki faɗa ki shiga ɗakinki."

Auta ta faɗa jikinta tana kuka, Inna ta ture ta, sannan kuma ta jawo ta ta rungume, suka yi ta yi su biyu.

Washegari Dogo ya same ta a shago, Oga ba ya nan. Bai ce Sakatariya ba, bai yi murmushi ba.

"Shekara uku, ko ki gaya min?"

"Na ji tsoro."

"To ya wuce. Yanzu abu ne mai sauƙi. Ki je ki ce sori, Baba ya huce, a ɗaura. In kin shiga gidana ki rubuta goma, ni zan saya miki takarda."

"Ka karanta?"

"Me zan karanta? Ai na ji abin da ke ciki."

"Ba ka karanta ba, kuma kana so in ce ƙarya ne." Ta jawo durowa ta ɗauko guda ɗaya da ya rage mata, ta ajiye a gabansa. "In na ce ƙarya ne, ba kaina na ƙaryata ba, Gwaggo na ƙaryata, da duk matan da suka ce haka ake musu. Kuma in da wannan aka kai ni gidanka, ka san wace ce mai dubo shayi ta gaba."

"Wato littafi ya fi ni."

"Ban ce ba."

"Kin ce mana." Ya juya ya fita, har ya buge kansa a ƙofa bai tsaya ba. Littafin yana nan kan tebur inda ta ajiye shi.

Kwana tara babu Dogo babu labarinsa. In waya ta yi ƙara sai ta zabura, ta duba ta ga kastoma ne. Ta rame, idonta ya faɗa. Amma ba ta zagi kowa ba, ba ta kai ƙarar kowa wurin kowa ba. Mata suka zo suna zuga ta, wai ta rubuta na biyu ta kama suna, ta ce a'a. In ta haɗu da Ciyaman a hanya sai ta durƙusa ta gaishe shi, ya kau da kai, gobe ma ta sake. Har aikin fostarsa da yaransa suka kawo don babu wani shago kusa, ita ta buga, ta gyara musu kuskure biyu da ba su gani ba.

Saura kwana biyu mitin, sai ga Gwaggo ta faɗo shagon babu sallama.

"Ke ce mara kunyar? Na zauna na gaya miki cikina, kika kai ni kasuwa? Yanzu ko'ina na bi sai a ce ga mai shayi. Da girmana!"

Wannan ya fi komai yi wa Auta ciwo. Ta sauko daga kujera ta durƙusa, hawaye na zuba. "Gwaggo, wallahi ba dariya na so a yi miki ba. An karanta miki?"

"Wa zai karanta min? Ni ban yi boko ba. Gutsi-gutsi nake ji a bakin mutane." Ta hango littafin nan da Dogo ya bari, ta fizge shi ta cusa a jaka. "Zan sa a karanta min tun daga farko, in ji da kunnena. In na ji zagi a ciki, ni da kaina zan fara ɗaga hannu a kanki."

Ta fita. Auta ta ce a ranta shi ke nan, ta rasa Dogo, ta rasa Gwaggo.

Ranar Lahadi da yamma, a rumfar ƙofar gidan Ciyaman ake mitin. Da can ko akuya ba ta tsayawa kallo. Ranar kuwa mata sun cika titi, wasu da goyo, wasu da kitso rabi, mai kitson ma ta biyo su da tsinkenta a hannu. Kujeru tara ne. Takwas sun zagaye tebur, ta taran tana can gefe, dab da ƙofar shiga gida. Gwaggo tana kai, fuska a ɗaure. Dogo yana jingine da bango, bai kalli inda Auta take ba. Inna tana riƙe da hannunta, tana ta raɗa mata, "Kalma biyu, Auta, kalma biyu."

Ciyaman ya miƙe. Ya yi magana, ya yi magana. Ya kawo kwalbatin da aka gyara, ya kawo fitilun titi, ya kawo yadda yake girmama mata tun daga kan mahaifiyarsa. Ya sa Magatakarda ya karanta shafin shayin da ƙarfi, don jama'a su ji girman ƙazafin. Ya sake karɓa ya ɗora. Ya fi rabin awa, har muryarsa ta fara dushewa.

"Ke, taso. Me za ki ce?"

Auta ta taso. Ta tsaya a gaban tebur, ta kalli Dogo sau ɗaya. Ta san in ta buɗe baki ta rasa shi.

"Baba, kai ubana ne, kuma ina neman gafararka a gaban kowa kan dariyar da aka yi maka. Ina son ɗanka, Allah ya sani. Amma ba zan iya cewa ƙarya ne ba."

Inna ta dafe kai. Titi ya ɗauki guna-guni.

"Shi ke nan, kun ji da kunnenku," in ji Ciyaman. Ya zauna, ya share gumi. "Magatakarda, ɗauki biro, za mu ɗaga hannu." Ya yi gyaran murya, maƙogwaro ya bushe ƙamas. Ko waiwayawa bai yi ba, hannunsa kawai ya ɗaga ta gefen ƙofa, yadda ya saba. "Yaya, a dubo mana sha—"

Ya tsaya.

Wallahi ko tari babu wanda ya yi. Hannunsa yana nan a sama, bakinsa a buɗe. Gwaggo kuwa har ta dafa gwiwa ta ɗago rabi, don ita ma jikinta ya saba.

Sai aka ji murya daga jikin bango.

"Zauna, Gwaggo. Yau ni zan dubo."

Dogo ne. Ya ratsa ta gaban ubansa, ya ɗan rusuna, ya shige cikin gida. Wannan karon ya tuna ya sunkuyar da kai.

Titi ya ɓarke! Mata na tafi, wata ta zauna a ƙasa don dariya, mai kitso tana ɗaga tsinke sama. Gwaggo ta ɗaga musu hannu, suka yi tsit. Ta jawo kujerarta, ƙiiii, har bakin tebur.

"Ɗan'uwana," ta ce, "ni na goye ka, na san ba ka da mugunta. Sabo ne. Ni ma ban taɓa ganin abin ba sai shekaranjiya, da na je shagon ɗanka na zaunar da shi na ce ya karanta min. Na tafi da niyyar in ji zagi. Sai na ji wata mata a ciki tana tsaye gaban murhu, tana jiyo ana ƙirga hannu a waje. Na ce wannan baiwar Allah wace irin sakarya ce, ta zauna mana! Sai yaron ya ajiye littafin ya ce, Gwaggo, ke ce fa. Muka zauna cikin fankoki muna kuka kamar an yi mana mutuwa."

Ciyaman ya miƙa hannu, Magatakarda ya ba shi fayil. Ya buɗe shafin farko, tara da takwas. Ya buɗe na tsakiya. Ya buɗe na ƙarshe. Ya cire hula ya ajiye a kan tebur.

"Shekara goma sha ɗaya, Yaya. Me ya hana ki faɗa min?"

"Kai me ya hana ka ƙirga?"

Ciyaman ya rufe fayil ɗin. Sannan ya ce, murya a dushe, "Na ce kwamiti zai yanke, kwamiti zai yanke. Wanda ya ce ƙazafi ne ya ɗaga hannu."

Hannu uku suka tashi, har da na mai wurin wankin mota.

"Wanda ya ce gaskiya yarinyar nan ta faɗa."

Gwaggo ta waiga wajen Magatakarda. "Wai wanne ake ɗagawa, dama ko hagu?"

"Duk wanda kika ga dama, Gwaggo."

Ta ɗaga duka biyun. Magatakarda ya ce ɗaya zai ƙirga, ta ce ɗayan na bara ne. Wasu huɗu suka bi ta, shi Magatakardan ma a ciki, da biro a hannu. Biyar ke nan, an riga an ci. Amma Ciyaman ya kalli Auta, a hankali ya ɗaga nasa.

"Shida," in ji Magatakarda.

"'Yata," in ji Ciyaman, "kin ba ni kunya a gaban duniya, ba zan ce na ji daɗi ba. Amma gara surukar da za ta gaya min gaskiya da wadda za ta yi min dariya a bayan ƙofa. Ranar da aka sa tana nan."

Inna ta rungume Auta tana kuka tana dariya. "Ja'ira, da kin bi tawa da yanzu mun tafi da kunya."

Ana cikin haka sai ga Dogo ya fito da tire, kofuna na karo da juna, rigarsa jiƙe, ɗan yatsansa a baki don ya ƙone. Ya ga mutane na ta murna.

"Me ya faru? An fara ƙirgawa?"

"An gama," in ji Gwaggo.

"An gama? Aurena fa ake yankewa, ni ina can ina fama da ashana!"

"To yanzu ka ji abin da nake ji."

Ya kalli Auta, ta gyaɗa masa kai, hawaye na zuba tana murmushi. Saura kaɗan tiren ya kife. Ya ajiye shi, ya matso, ya rage murya.

"Sakatariya, ki yafe min. Na karanta. Sau biyu."

"Ina ce ba ka karanta littafin mata?"

"Saurayin ciki ne ya ba ni haushi. Sai shafi na arba'in ya yi hankali."

"Ai ya fi wani, shi kwana tara ya ɗauka."

Shayin kuwa, Ciyaman ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye, ya ce lallai an daɗe ana cin amanar Yaya. Tun daga ranar aka sa doka, shayi bi da bi ne, kuma sai an gama ɗaga hannu. Maganar famfo ma Gwaggo ta sake tayar da ita a wannan zaman, kafin kowa ya tashi.

An ɗaura aure ranar da aka sa, ko kwana ɗaya ba a ɗaga ba. Amma in kun tambayi Auta, za ta ce muku ranar da ta fi yi mata daɗi ita ce Litinin ɗin bayan mitin, da Magatakarda ya kawo takardarsa ya ajiye mata. Ta buga har ƙasa, firinta ta ja layinta baƙi kamar kullum. Waɗanda suka halarta: tara. Waɗanda suka ɗaga hannu: tara.

To 'yan'uwana, abin da nake so ku ɗauka shi ne, haƙuri ba shi ne ki ce fari baƙi ne don a bar ki ki zauna lafiya ba. Auta ta yi haƙuri, ba ta zagi babba ba, ba ta rama ba, amma ba ta saki gaskiya ba, kuma Allah bai kunyata ta ba. Wani zaluncin ya daɗe har mai yi da wadda ake yi wa duk sun daina ganinsa, sai an rubuta shi a takarda an karanta musu kamar labarin wasu. Kuma duk saurayin da ya ce yana son ki, ki ba shi abin da kika rubuta, in ya ƙi karantawa ki—

Wayyo, ana taɓa ƙofa, takun babban yayanmu ne. Don Allah sunana, kun yi min alkawari.